Dokar zamba a Ingila: wa ke da hurumin cewa "wannan rashin gaskiya ne"?

Barista Nafisa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga maganar da nake so mu baje, musamman masu karatun dokar laifuka. A Ingila da Wales, kusan duk laifin da ya shafi dukiya, sata ce, zamba ce, karɓar kayan sata ne ko murɗa littafin lissafi, ba a kama mutum da shi sai an tabbatar ya aikata cikin rashin gaskiya. Amma tun daga Dokar Sata ta 1968 har zuwa Dokar Zamba ta 2006, majalisar dokokin Birtaniya ba ta taɓa zama ta fayyace iyakar wannan sharaɗi ba. Sashe na 2 na dokar 1968 yanayi uku kawai ya ware da ba za a ce mutum ya yi rashin gaskiya ba: in ya yi imani doka ta ba shi haƙƙin ɗaukar abin, in ya yi imani mai abin zai yarda da ya sani, ko in ya yi imani ba za a gano mai abin ba ko da an yi bakin ƙoƙari. Sauran duk an bar wa mutum goma sha biyun nan da ke taya alƙali yanke hukunci, wato 'yan juri.

Hukumar Gyaran Dokoki ta daɗe tana aiki a kan wannan fanni, ta miƙa rahotonta kan zamba a 2002, majalisa ta tsinci abin da ya yi mata ta bar sauran. Ni a ganina gyaran ya tsaya a rabin hanya. An kwashe tarkacen tsofaffin laifuka, sannan aka ɗora dukan nauyin a kan abin da ba wanda ya auna. Me kuka gani?

Auwalu:
Wa alaikumus salam Barista. Kafin manya su shigo, don Allah ita wannan hukuma kotu ce ko kwamitin majalisa?

Malam Sabo:
Auwalu ɗana, ba ko ɗaya ba. Doka ce ta kafa ta a 1965, zamanin gwamnatin Harold Wilson, kuma alƙali Leslie Scarman ne ya fara shugabantarta. Mutum biyar ne: shugaba, wanda babban alƙali ne, da kwamishinoni huɗu daga cikin lauyoyi da malaman jami'a. Scotland tana da tata daban. Aikinta ta duba inda doka ta tsufa ko ta cukurkuɗe, ta fitar da takardar neman jin ra'ayi, ta saurari alƙalai, lauyoyi, 'yan sanda, bankuna da duk mai abin faɗi. Daga nan ta rubuta rahoto, galibi da daftarin ƙudiri manne a ƙarshensa, ministan shari'a ya ajiye shi gaban majalisa. Ikonta nan ya ƙare. Ba ta da ƙuri'a a zauren majalisa, ba ta kuma iya tilasta wa gwamnati ta ware wa ƙudirin lokaci. Shi ya sa kusan biyu bisa uku na rahotanninta ne suka zama doka, wasu ɗungurungum, wasu an yanke musu wani sashe.

Barista Kabiru:
Ƙanwata Nafisa, ban yarda da "rabin hanya" ɗin nan ba. Duk wanda ya san halin da mai gabatar da ƙara yake ciki kafin 15 ga Janairun 2007, ranar da Dokar Zamba ta fara aiki, ba zai raina ta ba.

A da laifukan yaudara har takwas ne warwatse a dokokin 1968 da 1978. Akwai samun dukiya ta yaudara, akwai samun hidima ta yaudara, akwai kauce wa biyan bashi ta yaudara, kowanne da nasa sharuɗɗa. Sai ka kama macuci dumu-dumu, amma don ka ɗauko sashen da bai dace ba, ya fita fes a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Shari'ar Preddy ta 1996 ita ce ta fi tona asirin tsarin. Mutane ne suka yi ƙarya a takardun neman rancen sayen gida, aka tura musu kuɗi daga asusu zuwa asusu. Alƙalan Majalisar Dattawa, waɗanda su ne kotun ƙoli a wancan lokaci, suka ce ai ba su samu "dukiyar wani" ba. Hujjarsu: abin da mai ba da rance yake da shi a asusunsa bashi ne da yake bin bankinsa, kuma wannan bashin raguwa ya yi, bai koma hannun kowa ba. Abin da ya bayyana a asusun mai karɓa sabon haƙƙi ne da bai taɓa zama mallakar wani ba. Aka soke hukuncin.

Sannan ga matsalar na'ura. Tsohuwar doka tana buƙatar a ce an yaudari wani mutum, na'ura kuwa ba ta da zuciyar da za a yaudara. Wanda ya shigar da lambar katin da ba nasa ba a intanet ya samu hidima, ba ɗan'adam ko ɗaya a tsakani, wa ya yaudara? Dokar 2006 ta rufe wannan ƙofa, ta ce furucin ƙarya ya tabbata ko da na'ura aka yi wa shi.

Ɗanliti:
Kai! Wato Yallaɓai, a 1996 in ka damfari banki ya ba ka tsabar kuɗi a hannu ka shiga uku, in kuma ta waya aka turo maka sai ka tafi gida ka kwanta?

Barista Kabiru:
A ƙarƙashin wancan sashen dai, haka lamarin ya kasance na 'yan watanni. Kuma nan za ka ga amfanin hukumar. Hukuncin ya fito a Yuli, ta miƙa rahoto a Oktoba, kafin shekarar ta ƙare majalisa ta zartar da gyara, aka ƙirƙiro laifin samun turin kuɗi ta yaudara. In gwamnati ta ga wuta a gemunta, ba ta jinkiri.

Barista Nafisa:
Yaya Kabiru, ba wanda ke kewar tsohon tsarin. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, a bar ni in nuna inda ya saura.

A 1998 Jack Straw, ministan cikin gida a lokacin, ya nemi hukumar ta duba ko ya kamata a samar da laifin zamba guda ɗaya gama-gari. A takardarta ta 1999 ita da kanta ta nuna tsoron laifin da ba shi da wani ginshiƙi sai rashin gaskiya, saboda mutum ba zai iya sanin tun da wuri ko abin da zai yi laifi ne ba, kuma hakan yana iya cin karo da sashe na 7 na yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai. A 2002 sai ta kawo laifi ɗaya mai hanyoyi uku: furucin ƙarya, ɓoye bayani, da cin amanar matsayi. Ta ce wai hanyoyin uku su ne katangar.

To mu dubi katangar. Sashe na 2 na dokar 2006 ya ce furuci ƙarya ne in ba gaskiya ba ne ko yana ɓatarwa, kuma mai yin sa ya san haka yake, ko ya san yana iya zama haka. "Yana iya zama" fa. Ba sai wani ya yarda da ƙaryar ba, ba sai an yi asarar ko fam ɗaya ba, niyyar samun riba ko jawo wa wani asara ta wadatar. Hukuncin kuma yana kaiwa shekara 10. Mai sayar da tsohon zane da ya ce na wane ne alhali yana da ɗan kokwanto, dillalin gida da ya ce rufin lafiya lau bai hau ya duba ba, duk sun cika waɗannan sharuɗɗa. Me ya rage tsakaninsu da kurkuku? Tambaya ɗaya tak: shin sun yi rashin gaskiya? Ashe abin da aka guje wa a 1999 ya dawo ta bayan gida.

Hajiya Binta:
Ni ba lauya ba ce, aikin binciken kuɗi nake yi, amma sashe na 4 ya fi damuna. Wanda ke riƙe da matsayin da ake sa ran ya kare dukiyar wani, in ya ci amanar matsayin, ya yi zamba. Dokar ba ta faɗi wane matsayi ba, ba ta faɗi wa ke sa ran ba, kuma ta ce ko da yin shiru ne kawai ana iya cin amanar. A daftarin hukumar akwai sharaɗin cewa sai an yi abin a ɓoye. Gwamnati ta cire. Yanzu manajan da ya ga wata kwangila mai tsoka ya ƙi kawo wa kamfaninsa, ko da kowa na gani, yana cikin raga.

Abin mamaki, a sashe na 3 akasin haka aka yi. Hukumar ta so a kama wanda ya ɓoye bayani ga mutumin da ya dogara da shi ko da doka ba ta wajabta masa faɗi ba. Ku ɗauki ɗan kasuwar da ke bin gidajen tsofaffi yana sayen kayan gadonsu a wulaƙance, ya san darajarsu, ya kuma san sun amince masa. Gwamnati ta ce a'a, sai inda doka ta wajabta bayyanawa. Wuri ɗaya an faɗaɗa, wuri ɗaya an ƙuntata, kuma ban ga ƙa'ida ɗaya da ta haɗa biyun ba.

Malam Sabo:
Hajiya, kin taɓo wuri mai kyau, amma bari in mai da ku kan tambayar Nafisa, don can ne rikicin yake.

Tun 1973, a shari'ar Feely, kotu ta ce 'yan juri ba sa buƙatar alƙali ya koya musu mene ne rashin gaskiya, su auna da mizanin mutanen kirki. Sai 1982 aka zo shari'ar Ghosh, wani likitan tiyata da ya nemi a biya shi kuɗin ayyukan da bai cancanci a biya shi ba. Alƙali Lord Lane ya kafa tambayoyi biyu. Ta farko: a mizanin mutane masu hankali da gaskiya, abin da ya yi rashin gaskiya ne? Ta biyu: shi kansa ya gane cewa a wannan mizanin nasu rashin gaskiya ne? In amsar ta biyu a'a ce, a sallame shi. Misalin da aka kawo shi ne baƙon da ya fito daga ƙasar da ake hawa motar haya kyauta, ya hau bas bai biya ba.

Shekara 35 ana koyar da wannan a kowace jami'a. Da majalisa ta zartar da dokar 2006, da wannan mizanin a zuciyarta ta zartar, ita ma hukumar a kansa ta gina rahotonta.

Sai 2017. Phil Ivey, shahararren ɗan caca ɗan Amurka, ya ci fam miliyan 7.7 a wani gidan caca da ke Landan mai suna Crockfords a 2012. Dabararsa ita ce ya lura da ɗan bambancin zanen da ke bayan katunan, ya sa mai rabawa ta riƙa juya wasu katuna da sunan camfi. Gidan ya ƙi biya, ya kai ƙara. Alƙalin farko ya yarda Ivey da zuciya ɗaya yake ganin abin da ya yi wayo ne halastacce, amma duk da haka ya ce maguɗi ne. Da magana ta kai Kotun Ƙoli, alƙali Lord Hughes ya yi amfani da damar ya ce tambaya ta biyu ta Ghosh kuskure ce. Babbar hujjarsa: gwargwadon karkacewar mizanin mutum, gwargwadon sauƙin kuɓutarsa. Wanda zuciyarsa ta bushe har bai san mutane na ƙyamar abin da yake yi ba, shi ne zai fi tsira. Baƙon bas kuwa, ya ce ba ya buƙatar tambaya ta biyu, don da zarar an gano abin da ya yi imani da shi game da kuɗin mota, mutanen kirki ba za su kira shi mara gaskiya ba.

Sabon tsarin ke nan: a fara gano abin da mutum ya sani ko ya yi imani da shi game da haƙiƙanin al'amari, sannan a auna aikinsa da mizanin mutanen kirki. Ko ya san mizanin ko bai sani ba, ba ruwan kotu.

Auwalu:
Allah ya gafarta Malam, nan na ɗan ɓata. Shari'ar Ivey ai ta neman kuɗi ce tsakanin mutum da kamfani, ba ta laifi ba. Ta yaya ta sauya dokar laifi?

Malam Sabo:
Madalla da wannan tambaya. A ƙa'ida, abin da alƙali ya faɗa a gefe, wanda hukuncin bai rataya a kansa ba, ba ya ɗaure ƙananan kotuna. Maganar da Lord Hughes ya yi kan Ghosh a shari'ar Ivey irin wannan ce. Shi ya sa aka zauna cikin ruɗani har 2020, lokacin da alƙalai biyar na Kotun Ɗaukaka Ƙara suka saurari shari'ar Barton da Booth, ta mai gidan kula da tsofaffi a Southport da ya wawure wa mazauna gidan sama da fam miliyan 4. Suka ce tunda Kotun Ƙoli da murya ɗaya ta ba da umarnin a daina bin Ghosh, to a daina. Wato har ƙa'idar bin hukuncin magabata sai da aka ɗan lanƙwasa.

Barista Nafisa:
Na gode Malam, kun kawo ni inda nake so. Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi a dukan laifukan dukiya an sauya shi, aka sauƙaƙa kama mutum, ba a fitar da takardar jin ra'ayi ba, ba a yi muhawara a majalisa ba, ba a kaɗa ƙuri'a ba. A rigimar katin caca aka yi shi. To ina amfanin kafa hukuma, ta shekara huɗu tana sauraron jama'a, in dai ginshiƙin da ta gina a kai alƙalai biyar za su iya zare shi rana ɗaya? Ba cewa nake Ghosh ya fi ba. Cewa nake majalisa ce ya kamata ta zaɓa, ta rubuta, kowa ya karanta.

Ɗanliti:
Ni abin da ke ba ni tsoro daban ne. Mutum biyu su yi abu iri ɗaya sak, ɗaya a Liverpool ɗaya a Landan. 'Yan jurin nan su ce wayo ne, na can su ce cuta ce. Ɗaya ya koma gida, ɗaya ya tafi kurkuku, kuma ba wanda zai tambaye su dalili don ba sa bayar da dalili. Su waye ma "mutanen kirki" ɗin? Wanda ke ƙara 'yan awoyi a takardar aikinsa yana ganin kansa na kirki ne.

Barista Kabiru:
Ɗanliti, wannan tsohuwar suka ce, kuma tana da ƙarfi, ba na musu. Amma ku faɗa mini abin da za a sa a madadinsa. Duk ma'anar da majalisa ta rubuta da tawada, washegari lauyoyin manyan macuta za su zauna su auna ta, su tsara cutarsu ta wuce ta gefenta. Abin da ya faru a Preddy ke nan: doka mai ƙayyadaddun kalmomi, macuci ya bi ta tsakaninsu. Zamba ba ta da siffa ɗaya. Ta 1968 da takardar cak ake yi, ta yau da saƙon waya da kuɗin kirifto, kuma alƙaluman hukuma suna nuna kusan kashi 40 cikin 100 na laifukan da ake yi wa mutane a Ingila da Wales zamba ce. Sharaɗi mai miƙewa shi ne kaɗai ke iya bin ta.

Sannan a aikace, shari'a nawa ce ake jayayya a kan mizanin? Mafi yawanci jayayyar a kan abin da ya faru ce: shi ya tura saƙon, ya san katin na sata ne. Da an tabbatar da wannan, ba mai tsayawa tambaya. Yawancin ƙananan shari'u ma ba sa zuwa gaban 'yan juri, a kotun majistare suke ƙarewa.

Barista Nafisa:
Madadi akwai, kuma ba nisa. Hukumar gyaran dokoki ta Ireland ta fitar da rahoto kan wannan fanni a 1992, majalisarsu ta yi dokar sata da zamba a 2001, ta rubuta ƙarara cewa rashin gaskiya shi ne yin abu ba tare da iƙirarin haƙƙi da zuciya ɗaya ba. Tambayar sai ta koma: ka yi imani da gaske kana da haƙƙin yin abin? Wannan tambaya ce da ake amsawa da shaida, ba da jin zuciyar mutum goma sha biyu ba. Ireland ba ta rushe ba.

Batun "yawancin shari'u" kuma, Yaya, doka ba don shari'u masu sauƙi ake kaifafa ta ba.

Hajiya Binta:
Akwai kuma wanda ba ku taɓo ba, kuma shi ne ya fi nuna yadda majalisa ke ɗaukar hukumar: haɗin baki don yin zamba.

Malam Sabo:
Haka ne Hajiya. Wannan laifi ba majalisa ce ta rubuta shi ba, alƙalai ne suka gina shi tsawon ƙarnoni. Faɗinsa ya kai ga cewa abin da in mutum ɗaya ya yi ba laifi ba ne, in mutum biyu suka ƙulla za su yi shi yana iya zama laifi, muddin akwai rashin gaskiya da cutar da haƙƙin wani. Rahoton 2002 ya ce a soke shi, wannan ma yana cikin manyan dalilan samar da sabon laifin. Masu gabatar da ƙara da wasu manyan alƙalai suka ce a bar shi, don shi ne ke ba su damar tattara babbar shari'a mai mutane da yawa a tuhuma ɗaya. Gwamnati ta saurare su, ta bar shi, antoni-janar ya fitar da jagora kan lokacin da za a yi amfani da shi, aka ce za a sake dubawa. Da aka duba a 2012, aka ce ya zauna. Yana nan har yau, shi ma shekara 10.

Da shi aka kama Tom Hayes, wani dillalin hada-hadar kuɗi a banki, a 2015 kan murɗa ma'aunin kuɗin ruwa na LIBOR. Shekara 14 aka yanke masa jimilla kan tuhume-tuhume da dama, aka rage zuwa 11. Babbar kariyarsa ita ce abin da ya yi sananne ne a harkar, shugabanninsa ma sun sani. A Yulin 2025 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, don alƙalin ya ƙwace wa 'yan juri tambayar da tasu ce. Mutumin ya riga ya gama zaman kurkukunsa.

Barista Kabiru:
Malam, da girmamawa, wannan shari'ar ai tawa hujjar take ƙarfafawa. An soke ne don ba a bar 'yan juri sun yi aikinsu ba.

Barista Nafisa:
Ko kuma tana nuna cewa laifin da ba a rubuta ba, har ƙwararrun alƙalai sun kwashe shekara goma ba su daidaita kan yadda za a bayyana shi ba.

Auwalu:
To in hukumar ta kawo shawara gwamnati ta yi biris, ba abin da za a yi ke nan?

Malam Sabo:
An ɗan ɗaure ta, amma da zare. Wata doka da aka yi a 2009 ta wajabta wa ministan shari'a ya riƙa kai wa majalisa rahoto duk shekara: waɗanne shawarwari aka aiwatar, waɗanne ke jira, waɗanne aka ƙi da dalilin ƙin. Yarjejeniyar da hukumar ta ƙulla da gwamnati a 2010 ta ce ma'aikatar da abin ya shafa ta ba da amsar wucin gadi cikin wata shida, cikakkiya cikin shekara. Majalisar Dattawa ma tana da gajeriyar hanya ta musamman ga ƙudirorin hukumar da ba su da ce-ce-ku-ce. Sai dai dokar laifi da wuya ta rasa ce-ce-ku-ce, kuma wa'adin nan sau da yawa yakan wuce ba amsa. Ka dubi daftarin kundin dokar laifuka da hukumar ta buga a 1989. Har yau Ingila ba ta da kundi ɗaya.

Abin da na lura, shawarar da ke ƙara wa mai gabatar da ƙara ƙarfi ta fi saurin wucewa. A 2022 hukumar ta jera zaɓuɓɓuka kan kama kamfanoni da laifi, a 2023 majalisa ta yi laifin gaza hana zamba ga manyan kamfanoni, ya fara aiki 1 ga Satumbar 2025. Wadda za ta rage masa makami kuwa, tun 2002 take jira.

Hajiya Binta:
Kada kuma mu mai da hukumar waliyyiya. Ita ce a 1997 ta ba da shawarar a soke sashen da ke tilasta wa mai gabatar da ƙara ya nuna kwamfuta na aiki daidai kafin a karɓi shaidarta. Majalisa ta amince a 1999. Daga nan aka koma ɗaukar na'ura a matsayin mai gaskiya sai an nuna akasin haka. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da ɗaruruwan masu riƙe da rassan gidan waya kan sata da murɗa lissafi saboda giɓin da manhajar Horizon ta nuna, giɓin da babu shi. Sai a 2024 majalisa ta yi doka ta wanke su a dunƙule. Da yawansu sun sa hannu a lissafin da suka san bai daidaita ba don tsoron a ƙwace musu reshe, aka ce musu wannan rashin gaskiya ne, suka amsa laifi. Ni dai ban ga mizanin mutanen kirki ya cece su ba.

Barista Kabiru:
Hajiya, wannan masifar shaida ce da ɓoye hujja, ba ta ma'anar laifi ba. Ma'anar Ireland ma ba za ta cece su ba, don wanda ya sa hannu a lissafin ƙarya ba zai ce ya yi imani yana da haƙƙin yin haka ba. Kin ga a nan mizani mai miƙewa ne kaɗai zai ba 'yan juri damar cewa: mun ga halin da aka jefa su, ba mu kira wannan rashin gaskiya ba.

Nafisa, ga ɗaya ki gwada ma'anarki a kai. Shari'ar Hinks ta 2000. Mace ta shaƙu da wani mutum mai raunin fahimta, tana raka shi banki kusan kullum yana cire kuɗi yana ba ta, har kimanin fam 60,000. Alƙalan Majalisar Dattawa suka ce ko da kyautar ta inganta a dokar mu'amala, ana iya kama ta da sata. In aka bi tsarinki, sai ta ce kyauta ce, na yi imani tawa ce, doka ma ta ce tawa ce. Za ki sallame ta?

Barista Nafisa:
Daga tuhumar sata, zan sallame ta, kuma biyu daga cikin alƙalan biyar ma ba su yarda da hukuncin ba. Ba a satar abin da doka ta ce naka ne. In ana so a hukunta mai tatsar raunana, majalisa ta rubuta laifin tatsar raunana: ta faɗi wane ne mai rauni, wace irin dangantaka, wane irin matsi, shekara nawa. Hukumar ta tsara, a yi muhawara, a kaɗa ƙuri'a. Sashe na 4 da Hajiya ke kuka da shi ma an yi shi ne da irin wannan a zuciya, sai dai an bar shi ba baki.

Barista Kabiru:
Kafin a gama muhawarar, shekara nawa? Daga roƙon Straw zuwa ranar da dokar ta fara aiki kusan shekara tara ne. Duk tsohon da aka tatsa a tsakani, me za ki ce wa 'ya'yansa?

Barista Nafisa:
Abin da aka ce wa masu ba da rance bayan Preddy: wata biyar, ga doka. Kai ka kawo misalin ɗazu.

Ɗanliti:
Wancan ai bankuna ne suka yi kuka, Barista.